Kafin mu tara kuɗin sola, mu dubi ƙarfen da zai ɗauke ta

Duk inda aka zauna maganar sa wa masallaci, rijiyar burtsatse ko layin shaguna wutar sola, tambayar farantai da batir da inbata ce ke cika taro. Ba a cika tambayar ƙarfen da za a ɗora farantan a kai ba. Mu kuwa a ganinmu nan ya kamata a fi sa ido, musamman mu da ke zaune a Kudu.

Mu ɗauki darasi daga manyan gonakin sola, irin ta Challawa a ƙaramar hukumar Kumbotso ta Kano, mai megawat 10, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023, ko ta Jami'ar Bayero da aka buɗe a 2019. A irin waɗannan wurare dubban farantai ne a jere a fili, rana da ruwa da iska na dukansu dare da rana. Kamfanonin farantai sukan ba da garantin aiki na shekara 25. Dole ke nan ƙafafun da ke riƙe da su su kai wannan shekaru, shi ya sa masu manyan ayyuka suke amfani da ƙarfen da aka yi wa rufin tutiya, wanda 'yan walda ke kira galbanais.

Yadda ake yin sa: a wanke ƙarfen da asid har tsatsa da datti su fita, sannan a tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya mai zafin digiri kimanin 450. Tutiyar ta kama jikin ƙarfen ciki da waje, har cikin bututu. Kaurin rufin bai wuce na silin gashi ba, amma amfaninsa biyu. Yana hana ruwa da iska taɓa ƙarfen. In ma an ɗan karce shi, tutiyar da ke gefen wurin ita ke fara lalacewa, ƙarfen ya tsira. Fenti ba ya yin haka. Da ya ɓare, tsatsa ta shiga ƙarƙashinsa tana ci ba a gani.

A Legas, Fatakwal, Warri da Kalaba iska na ɗauke da danshi da gishirin teku, damina kuma doguwa ce. Ƙarfen da zai daɗe a Kano nan da nan yake tsatsa a nan. Kuma farantai masu faɗi ne, iska na tura su ta ƙasa da ƙarfi. Ƙafa ɗaya da ta ruɓe a gindi, inda ruwa ke kwanciya, ta isa ta sa guguwa ta kwashe aikin da aka yi wata da watanni ana tara wa kuɗi, ko ta jefa shi kan mutane.

Wani zai ce galbanais ya fi tsada, kuma gaskiya ne. Amma kuɗin ƙarfe kaso kaɗan ne a cikin kuɗin aikin duka. Abin da aka rage a nan, sai an biya ninkinsa ranar da za a sauke farantai a sake ƙafafu. Araha ba ta ado.

Saboda haka muna ba kwamitocinmu shawara. A rubuta a takardar yarjejeniya cewa ƙarfen tsomi ake so, domin akwai masu shafa wa baƙin ƙarfe fenti mai ruwan azurfa su sayar. A duba cikin bututun: in waje fari ciki baƙi, fenti ne. A huda ramuka kafin tsomi, a haɗa da noti, su ma notin masu rufin tutiya. Inda aka yanka ko aka yi walda, a shafa fentin tutiya na musamman.

'Yan'uwanmu masu walda kuma su kula: wuta na ƙona tutiya, farin hayaƙinta yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki. A yi aikin a sarari, a rufe hanci.

Kuɗin jama'a amana ne. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta.

Sakataren ƙungiya