Gemun Peru Da Masuntan Baga

Duk ɗan Arewa mazaunin Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Onica ya san bandar kifin Baga, wadda manyan motoci ke kwasowa daga Maiduguri zuwa Kudu. Amma ba kowa ya san arahar bandar nan da tsadarta suna da nasaba da wani teku mai nisan dubban mil ba.

Bayan shekara 2 zuwa 7, ruwan tekun Pasifik yakan ɗumama a gaɓar ƙasar Peru, abin da masana ke kira El Nino. Ruwan sanyi mai tasowa daga ƙasa da abincin kifi sai ya danne, kifi ya gudu ko ya mutu. A 1970 Peru ta kama ƙananan kifin teku fiye da tan miliyan 12. Da ɗumin 1972 ya tarar an riga an yi wa tekun kamun wuce gona da iri, abin da aka samu a 1973 bai kai tan miliyan 2 ba.

Wannan ɗumi yakan karkatar da iska har damina ta raunana a ƙasashen bakin Sahara. Farin 1972 da na 1983 duk sun zo tare da shi. Kogin Shari, wanda ke ba Tafkin Chadi galibin ruwansa, ya janye. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya koma ƙasa da ushirin haka a tsakiyar shekarun 1980. Giwan ruwa ya yi ƙaranci, aka bar masunta da tarwaɗa da ƙarfasa, wasunsu suka koma noman masara da wake a busasshen tafki.

Yau ana hango El Nino watanni kafin ya iso. A 2023 Peru ta soke zangon farko na kamun kifin don ceton iri. Kamata ya yi Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, da Gwamnatin Jihar Borno su riƙa isar da irin wannan gargaɗi ga masunta da Hausa da Barbarci, su kuma hana taru mai ƙananan idanu. Dillalan Kudu su ma su ƙi sayen 'ya'yan kifi.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya sa mahukunta su ji.