Daga kantin Bata zuwa dilar gwanjo: Abin da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suka rasa

Har gobe idan mutum ya shiga Kano zai ji masu Adaidaita Sahu na kiran "Bata! Bata!" a kusa da kasuwar Sabon Gari. Matasa da yawa sun ɗauka sunan unguwa ne kawai. Alhali sunan kantin takalma ne da ya taɓa samun rassa a manyan biranen Najeriya, inda samari da 'yan makaranta ke rububin zuwa. Haka PZ a Zariya da shataletalen Leventis a Kaduna, duk sunayen kamfanoni ne da suka maƙale wa wuraren.

Duk lokacin da aka saka tsohon hoton irin waɗannan kantuna a Facebook, sai ka ga dattawa sun cika wurin da begen zamanin da. To amma ga mutumin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, labarin ya wuce na ado. Yankin nan na cikin wuraren da ke samar da auduga da fatar da ake sarrafawa su zama suturar da ake jerawa a irin waɗannan kantuna.

Yadda abin yake a da

Kamfanin Bata ya samo asali ne a garin Zlin da ke ƙasar Czech ta yanzu, a 1894. Ya shigo Najeriya a 1932, daga baya ya kafa masana'anta a Ojota da ke Legas. Sandal ɗinsa mai suna Cortina shi ne takalmin ɗan makaranta na shekarun 1970 da 1980, wanda saboda ƙarko wa kan saka ya bar wa ƙane. Ta fannin ƙananan kaya kuwa akwai Kingsway na kamfanin UAC, wanda aka fara buɗewa a Legas a 1948, da Leventis da UTC.

Saurayin ƙauye kan samu kayan ne idan an sayar da amfanin gona an shiga birni, ko idan zai koma makarantar kwana. Kuɗin kuwa sau da yawa na auduga ne. Manomi ya kai kaɗarsa fuloti a auna a biya shi, a gurje ta a Funtuwa ko Malumfashi, a wuce da ita masaƙun Kaduna irin su KTL da aka buɗe a 1957. Ƙirgi da fatun dabbobin kasuwanni irin ta Sheme kuma su nufi majemun Kano. Wato kuɗin da saurayi ya kashe a kanti, wani kasonsa kan zagayo ya dawo gonar mahaifinsa.

Me ya karya su?

Babban bugu na farko ya zo ne a 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP. Naira da a 1985 ta ɗan fi dala daraja, zuwa 1987 sai an ba da kusan huɗu kafin a samu dala ɗaya. Kayan gyaran injina da sinadaran da ake shigowa da su suka yi tsada, albashin masu saye kuma ya daina kai su ko'ina. A shekarar ce kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga, manomi ya rasa tsayayyen farashi da ingantaccen iri.

Sai matsalar lantarki, wadda ta tilasta wa masana'antu dogaro da janareta da baƙin mai. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. Kayan China masu araha suka kwararo, wasu ta tashar ruwa, wasu ta ɓarauniyar hanya daga Kwatano su bi ta Maraɗi su faɗo Jibiya. Wajen shekarar 2000 kantunan Bata sun watse, KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Masaƙar Funtuwa na cikin ƙalilan da suka jure.

Abin da ya maye gurbinsu

Yau kantin samarin yankin shi ne mai dilar gwanjo da ya baza kaya ranar kasuwa, da mai shagon da ke saro wanduna da kambas daga Ƙofar Wambai ko Sabon Gari, da masu tallata kaya a WhatsApp da TikTok. Abin mamaki, gwanjo na cikin jerin kayan da dokar kwastam ta haramta shigowa da su, amma shi ke rufa wa talaka asiri.

Dole a faɗi gaskiya, wannan sauyi ya zo da nasa amfanin. A zamanin Kingsway, ɗan talaka sai dai ya leƙa ta gilashi. Yanzu da kuɗi kaɗan yaro zai yi shigar Sallah, dubban matasa kuma na cin abinci a sana'ar. Illar ita ce kuɗin ba ya dawowa gona. Shaddar da tela ke ɗinkawa a Ƙanƙara daga waje take, fatar da aka jeme a Challawa da Sharaɗa kuma akasari Italiya da Sifaniya take tafiya, ta dawo mana a takalmi mai tsada. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 har dala ta haura 1,500 a 2024, gwanjon ma ya fara fin ƙarfin mai ƙaramin hali.

Ga kuma rashin tsaro

A Mayun 2019 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da rabon irin auduga a Katsina, bayan ya hana masu shigo da yadi samun dala a hannunsa. Sai dai shirin ya tarar da manoman ƙananan hukumomin nan uku, masu maƙwabtaka da dazukan Zamfara da Birnin Gwari, suna tsoron zuwa gona. A Disambar 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Auduga tana ɗaukar wata biyar zuwa shida a gona, ga yawan feshi da tsinka. Wanda ba shi da tabbacin gobe ba zai zuba kuɗinsa a irin wannan noma ba.

Ina mafita?

Aba ta nuna cewa ba sai da katafaren kamfani ake yin takalmi ba, domin ƙananan masu sana'a na kasuwar Ariaria na sayar da kayansu har ƙasashen maƙwabta. Arewa na da dukawa da teloli, tana da cibiyar fasahar sarrafa fata a Zariya, da cibiyar binciken noma ta Samaru mai fitar da irin auduga.

Abin da ya rage shi ne ciniki mai tabbas. Gwamnatin Katsina na da ɗalibai masu ɗimbin yawa da ke buƙatar yunifom da sandal duk shekara, ga asibitoci masu buƙatar zannuwan gado, ga jami'an tsaron al'umma da aka ƙaddamar a 2023 masu buƙatar kaki da takalmi. Da za a ɗaure cewa yadin daga Funtuwa zai fito, ɗinkin kuma a raba wa ƙungiyoyin telolin ƙananan hukumomi, da masaƙa ta samu dalilin neman auduga, manomi ya samu dalilin shuka ta.

Wannan ba zai yiwu ba sai hanyar gona ta buɗe, wuta ta samu. Amma tambayar da ya kamata 'yan majalisar yankin su riƙa yi duk lokacin kasafin kuɗi mai sauƙi ce: yunifom ɗin yaran Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa na bana, a ina aka saƙa shi, kuma wa ya ɗinka?