KAFIN A BUƊE RUMBU: WACE JAMI'A ƊALIBIN HARSUNA ZAI ZAƁA?

 

Duk shekara idan lokacin cike takardar JAMB ya kewayo, mukan ga abu guda yana maimaituwa a Tafoki da sauran garuruwan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Yaro ya gama sakandare, yana sha'awar Larabci ko Faransanci ko Turanci, yana kuma son zama malami. Sai ya tafi shagon kwamfuta a Funtuwa, mai shago ya zaɓa masa jami'a, mahaifinsa kuma ya buɗe rumbu ya sayar da masara ya biya. Shin mun taɓa tsayawa mun tambayi abin da za a saya da wannan gumin?

Neman harshen wasu mutane ba baƙon abu ba ne gare mu. Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci Zaidu bin Sabit (R.A.) da ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu, ya kuma ƙware cikin kimanin rabin wata. Mu ma a yau ƙasashen da ke iyaka da Nijeriya, wato Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, duk ana aiki da Faransanci a ofisoshinsu, ga Maraɗi nan bayan Jibiya. Saboda haka ba mu jayayya a kan amfanin karatun. Damuwarmu ita ce inda za a yi shi, kuma muna ganin akwai tambayoyi uku da ya wajaba uba da ɗa su amsa kafin a fitar da ko kwabo.

Ta farko: shin hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da jami'ar, ta kuma amince da shi kansa kwas ɗin? Kada mu manta, a watan Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri na ƙasashen Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida. Wannan bai shafe darajar karatu a waje ba, domin Jami'ar Musulunci da ke Say a Nijar da Azhar ta Masar sun yaye malaman da muke alfahari da su. Amma duk wanda ya zo maka da digirin Faransanci mai araha da sauri, to, ka tuna araha ba ta ado.

Ta biyu: a ina ɗalibin zai yi magana da harshen? Harshe ba ya zama a baki ta hanyar haddar nahawu kaɗai. Don haka ne aka kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry ta Jihar Legas a 1991, da Ƙauyen Larabci na Ngala ta Jihar Borno a 1992, domin ɗaliban jami'o'inmu su je a shekararsu ta uku su zauna inda ba a magana sai da harshen da suke koyo. A tambayi sashen tun da wuri ko yana tura ɗalibansa, da kuma abin da tafiyar za ta ci, kada ta zo wa uba bagatatan a tsakiyar damina.

Ta uku, wadda ita aka fi sakaci da ita: shin za a koya masa koyarwa? Iya harshe daban, iya koyar da shi daban. Wanda ya shiga ta tsangayar ilimi zai haɗa harshen da dabarun koyarwa, a kuma tura shi makaranta ya riƙe alli a gaban yara kafin ya gama. Wanda kuwa ya karanci harshen zalla, sai ya ƙara difilomar koyarwa kafin hukumar rajistar malamai, TRCN, ta ɗauke shi cikakken malami. Wannan ƙarin shekara ce da ƙarin buhuna.

Abin farin ciki, ba sai mun yi nisa ba. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962 tana Zariya, ɗan taƙi daga Funtuwa, tana da sashen Larabci da na Faransanci da tsangayar ilimi. Jami'ar Bayero kuwa tushenta ma daga harabar Makarantar Koyon Larabci ta Kano ya faro a 1960. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Wanda makinsa bai kai ba, ya fara da NCE a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, daga nan ya wuce aji biyu na jami'a. Babu abin kunya a cikin wannan.

Ya ku 'yan'uwa, dalilinmu na nacewa a kan kusa ba boyayye ba ne. Tun daren 11 ga Disambar 2020 da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, kowa ya san da wuya baƙon malami ya yarda ya zauna a ƙauyukanmu. Idan ba mu horar da 'ya'yanmu maza da mata suka dawo suka riƙe azuzuwan nan ba, wa muke jira ya zo ya riƙe mana?

Muna kira ga iyaye da su raka 'ya'yansu wajen tsofaffin malaman makaranta na gari a yi shawara kafin a je shagon kwamfuta. Muna kuma kira ga ɗalibai da su ji tsoron Allah game da gumin iyayensu, su zaɓi wurin da za su fito suna iya buɗe baki a gaban aji.

Allah Ya yi mana jagora, Ya zaunar da yankinmu lafiya.