Kowa Ya Sayi Tsohuwar Mota Ya Sayi Aiki

Wata sha'awa ta shigo wa waɗansu masu hali na ƙasarmu, watau sayen tsofaffin motocin Ingila, su Morris da Austin da Humber da Hillman, irin waɗanda Turawan mulki da attajirai da manyan ma'aikatan En'e su ke shiga a da. Mutum ya ji labarin wata tana ajiye a bayan gidan wani dattijo a birni, sai ya aika a yi ciniki, a jawo ta, a fesa mata fenti, a goge ƙarafan gabanta har su riƙa ɗaukar ido. Ran Salla ya shiga ya zaga gari, yara na biye suna sowa. Ba mu ƙi wannan ba ko kaɗan. Da tsohuwar zuma a ke magani, kuma gara a gan ta tana tafiya bisa ƙafafunta da a ga 'yan gwangwan sun farfasa ta sun ɗora a sikeli. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne abin da ke biyo bayan Sallar. Kafin damina biyu sai ka tarad da ita gindin darbejiya, an tokare ta da duwatsu, kaji na ƙwai a kujerar baya, maigidan kuwa yana gaya wa duk wanda ya tambaya wai motar Ingila ba ta da ƙarko.

Mu dai mun ce sharri ya ke yi mata. Ku 'yan makaranta, ku dubi Morris Minor, wadda ta fi sauran yawa. Wani gwani mai suna Alec Issigonis ya tsara ta, aka fara nuna ta a Landan cikin 1948, aka yi ta ƙera ta har 1971. Ita ce motar Ingila ta farko da aka ƙera guda miliyan ɗaya, kafin a daina kuwa ta wuce miliyan ɗaya da rabi. Har yau dubbai suna yawo a Ingila, ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa, kuma a ke zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, abin da ke cinye ƙarfe kamar gara ta sami zana. Mu nan Gaya da Ajingi Allah ya hutasshe mu da wannan, wata bakwai ko fiye ba ɗigon ruwa, tsatsa ba ta da ƙarfi. To, in motar da ta jure wa gishirin Ingila ta zo ta mutu a busasshiyar ƙasarmu, laifin wa?

Ga asirin. Masu ƙera motocin wancan zamani sun ɗauka mai mota zai riƙa duba abarsa kamar yadda mai doki ke duba dokinsa kowace safiya. A ƙafafun gaba na Morris Minor akwai wata gaɓa mai zare irin na noti, wadda a kanta ƙafar ke juyawa. Giris ta ke so a kai a kai. In aka bar ta ta bushe, ƙura ta shiga, sai zaren ya cinye, wata rana ana cikin tafiya ƙafar ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashin mota. Giris ɗin da zai hana wannan bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. A kan kafiretonta kuma akwai wata 'yar marufa da a ke buɗewa a ɗiga mai kaɗan, in babu shi inji ya riƙa shaƙewa in an taka totur. Ga ƙurar hunturu, wadda ba su san da ita ba a Oxford inda aka ƙera motar, tana toshe matacin iska cikin 'yan makonni. Duk wannan yana rubuce cikin ɗan littafin da ke zuwa tare da mota. Sabon mai ita bai nemi littafin ba, in ma an ba shi yana can cikin akwati tare da rasit.

Sai ya ce, ai ina da kuɗi, makaniki zai yi. Madalla. Wane makanikin? Yaron da ya koyi aiki a kan motocin Japan, sifanunsa duk na awon milimita ne, notocin tsohuwar motar Ingila kuwa na awon inci ne, waɗansu ma na wani tsohon awo da Joseph Whitworth ya tsara tun 1841. Sifana ta ƙi kamawa, sai ya ɗauko kurfi da guduma, ya lalata kan notin da ba a samun irinsa a kasuwa. Haka kuma batir. A yawancin motocin Ingila na kafin tsakiyar shekarun 1960, kan batir mai alamar tarawa shi a ke ɗaura wa jikin mota, na zamanin nan kuwa mai alamar ɗebewa. Wanda bai sani ba ya liƙa mata rediyon zamani, sai hayaƙi. Ba mu zargi yaron ba, abin da aka koya masa ya yi. Maigidan da ya miƙa masa motar ya koma inuwa yana shan shayi, shi ya kamata ya san bambancin.

Man fetur ma ya sake. Da can ana zuba masa dalma, ita ke kare mazaunin bawul na irin waɗannan injuna daga cinyewa. Da aka tabbata dalma guba ce, tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, sai ƙasashe suka yi ta hana ta, har cikin 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da sanarwa an daina sayad da irin man a duniya duka, bayan na Aljeriya ya ƙare. An kyauta ƙwarai. Amma mai tsohuwar mota sai ya sa a sake masa mazaunin bawul da ƙarfe mai tauri, ko ya riƙa zuba wani magani a tanki, in ba haka ba doguwar tafiya da gudu za su raunana injin a hankali.

Akwai kuma wata magana wadda ta fi inji nauyi, don ta shafi rai. Ran 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama. Motar da aka sayo kafin ranar sitiyarinta yana dama. Wanda ya taso daga Gaya zai tafi Kano, tafiyar kamar kilomita 60, ya iso Wudil ran Juma'a, ranar kasuwa, ya sami kansa bayan babbar motar shanu, ba shi da halin ganin abin da ke tahowa sai ya fito da rabin motarsa tsakiyar hanya. Birkinta na ganga ne duk ƙafa huɗu, da yawa ba su da ɗamarar kujera. Hukumar kiyaye haɗurra ta sha faɗa cewa doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Morris Minor kuwa an ƙera ta yadda za a iya mai da sitiyarin hagu, don an yi ta sayad da ita a ƙasashe masu tuƙi irin namu na yanzu. Wanda ya kashe kuɗi a kan fenti ya bar wannan, ran iyalinsa ya sa a caca.

Za a ce mana, ina za a sami kayan gyara? Gaskiya ne, da wuya. Austin da Morris sun haɗe cikin 1952, suka shige cikin British Leyland a 1968, ragowar gidan kuma ya rushe a 2005. Tun da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna cikin 1975 kasuwarmu ta juya wa motar Ingila baya, yau ko ka kwana kana kewaya Ƙofar Ruwa da ƙyar ka dace. Amma ku dubi mutanen Indiya. Sun karɓi siffar Morris Oxford, suka sa mata suna Ambassador, suka yi ta ƙera ta kusa da Kalkata tun ƙarshen shekarun 1950 har 2014. Motar da Ingila ta bari tun tuni, su suka riƙe ta fiye da shekara 50, don sun koyi yin kowane ƙarfe nata da hannunsu.

A nan ne kunya ta kama mu. Masu tarihi sun ce farkon waɗanda suka zauna gindin Dala maƙera ne daga Gaya, sun tafi neman tama, zuriyarsu su ne Abagayawa. Watau mutanen garin nan sun san yadda a ke fid da ƙarfe daga dutse tun Kano ba ta da ganuwa. Kyan ɗa ya gaji ubansa. Yau jikokinsu, in sun yi 'yar boko, ƙyamar baƙin mai su ke yi. Mu malamai muna gani a aji: a tambayi yara abin da su ke so su zama, kowa likita, kowa lauya, kowa babban ma'aikaci mai mota. Wanda ya ce makaniki sai ajin ya fashe da dariya, wanda ya fi kowa dariya kuwa sau da yawa da kuɗin maƙera aka saya masa littafi. Laifin ba na yara kaɗai ba ne, har da mu da mu ke tura mai ƙoƙari karatun ofis, mu ce wanda ya kāsa shi ya tafi koyon sana'a.

Alhali tsohuwar motar nan ba malamin da ya fi ta. Ta zamani an rufe injinta da roba, kwamfuta ke sarrafa ta, in ta ɓaci sai an kawo na'ura a tambaye ta. Wannan kuwa ka ɗaga murfi ka ga kome a fili: inda mai ke bi, inda wuta ke tashi, inda ruwa ke zagawa ya sanyaya inji. Darasin kimiyyar da mu ke zana muku a allo da alli, ga shi nan ana taɓawa da hannu.

Sabo da haka ga roƙonmu ga masu waɗanda ke kwance gindin itatuwa. Kada ku jira 'yan gwangwan. Akwai Kwalejin Fasaha ta Gwamnati a Wudil, ga makarantun sakandare a Gaya da Ajingi. Ku ba su aron motar shekara guda, ku nemo musu littafinta da sifanu na awon inci, yara su kwance ta noti noti su mayar. Ku kanku ku riƙa leƙawa ran Asabar, da tsohuwar riga.