Gini Ba Ya Auna Jini

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu riƙe da lalitar lafiya, wai ɗakin gwajin homon kayan alatu ne, wai ƙasar da zazzaɓin cizon sauro bai bar ta ta huta ba ina ita ina auna sinadaran jini. Mun ji, kuma ba mu yarda ba. Da ƙasar Daura za mu kafa hujja, domin a 'yan shekarun nan ta sha ruwan gine-gine: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Asibitin Sojan Sama da aka buɗe a 2019, ga Jami'ar Sufuri. Madalla. Amma gini ba ya auna jini.

Mu fara da maƙoƙo, wanda kowa ya san shi a wuyan wata gwaggo ko inna. A gaban maƙogwaro akwai wata 'yar halitta da likitoci ke kira tayiroyid, ita ke sarrafa homon ɗin da ke daidaita ɗumin jiki da bugun zuciya da girman ƙwaƙwalwar jariri, kuma ba ta iya aikin sai da sinadarin aidin. In aidin ya yi ƙaranci, ƙwaƙwalwa ta dinga aiko mata da saƙon ta ƙara himma, ita kuwa ta yi ta kumbura. Binciken 1993 ya sami maƙoƙo ga kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda aka duba a Nijeriya, aka wajabta sa aidin a gishiri, har a 2005 aka shaida ƙasar nan ta cika sharaɗin, ta farko a Afirka. Aka yi tafi, aka naɗe tabarma. To, amma Mai'aduwa da Zango da Ɓaure a bakin iyaka suke, gishirin hamada irin na Bilma kuwa ya san hanyar ƙasar Hausa tun kafin a ja iyakar, kuma bai taɓa bi ta masana'anta ba. Ko na masana'antar, in ya daɗe a buɗe cikin tasa a rana, aidin ɗinsa raguwa yake. Hanyar sanin gaskiya ita ce a auna aidin a fitsarin 'yan makaranta. Wannan ne alatun?

Ga kuma abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. A 1981 masu bincike a Darfur ta Sudan suka lura cewa rashin aidin kaɗai bai isa ya bayyana yawan maƙoƙo a can ba, suka nuna gero da yatsa. A 1989 wasu masana a Amurka suka tabbatar cewa a cikin gero akwai sinadaran da ke rage wa tayiroyid kuzari. Gero fa! Abin da muke dama fura da shi, muke kunu, muke tuwo. Ba mu ce kowa ya bar fura ba, Allah ya kiyaye. Ga wanda aidin ya wadace shi lamarin da sauƙi. Tambayarmu ita ce: tsakanin gero da maiwa da dauro wanne ya fi ɗauke da sinadarin? Surfe da jiƙo da tsimi suna rage shi? Hatsin a rumbunmu yake, wuyan na iyayenmu ne, amma amsar sai mu zauna jiran wanda bai taɓa ganin damin gero ba ya aiko mana da ita cikin mujalla.

Sai batun sitiroyid, wanda ya shigo gidajenmu ta ƙofar kemis da sunan "sha ka fashe". Yarinya tana shirin aure, a ba ta ƙwayar deksametason don ta yi ƙiba. Wata kuma ta shekara tana shafa man bilicin mai irin wannan sinadari. Fuska ta cika kamar faranti, a ce hutu ne ya karɓe ta, alhali hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi ne ke tafe. Mafi muni, 'yar halittar da ke saman ƙoda takan daina fitar da nata homon ɗin, wato kotisol, ta yadda in aka yanke ƙwayar farat ɗaya mai sha na iya yanke jiki ta faɗi, wani lokaci ma a rasa ta. Gwajin jini guda da sassafe kan haska wa likita inda aka kwana. In babu shi, sai a ce iska ce, a nufi gidan mai magani.

Masu cewa alatu sun fi samun bakin magana a kan ciwon dajin tayiroyid, don haka ba za mu guje shi ba. Gaskiya ne mafi yawan ƙullutun wuya ba daji ba ne, kuma allura siririya da madubin likita sun isa su tantance yawancinsu. Amma a 1993 aka gano cewa tangarɗa a ƙwayar gado mai suna RET na gadar da wani nau'in dajin daga iyaye zuwa 'ya'ya, kowane ɗa yana tsakanin samu da tsira rabi da rabi, kuma in an gane da wuri ana cire halittar tun ciwon bai tsiro ba. A 2003 aka gano ta BRAF a nau'in da ya fi yawa. Mun haddace waɗannan sunaye mun ci jarrabawa da su, alhali alƙaluman da ke bayansu galibi daga majinyatan Turai da Amurka da Asiya aka tattaro su. Ba mu nemi a girka injin karanta ƙwayoyin gado a kowace ƙaramar hukuma ba. Mun nemi abin da likitan fiɗa ya cire daga wuyan mutumin Sandamu a adana shi, a rubuta, a aika Katsina ko Kano ko Zariya, sakamakon kuma ya dawo ga mai shi.

Mu ma da namu kashin a gindi. Kowace shekara muna cika kantocin laburare da kundayen kammala digiri da aka kwafo daga na bara, ga kasuwar Mai'aduwa cike da gishirin da ɗalibi ɗaya zai iya gwadawa da 'yar kwalbar da ke canza launi. Ƙungiya ta sa wannan cikin ajandar taronta na gaba. Waɗanda kuma suka riga mu shiga ofis, ku ne ke rubuta kasafi: in an zo layin asibiti, ku tambayi kuɗin sinadaran gwaji na shekara, da albashin mai gwajin, da wutar da za ta riƙe firji tsakanin digiri 2 da 8, tun kafin a kai ga fenti da allon suna.