Wa Zai Yi Jinyar Mai Jinya?

Duk wanda ya yi sammako zuwa Kasuwar Kifi ta Baga Road a Maiduguri zai tarar ana sauke kwalayen banda daga yankin Tafkin Chadi. Kowane kwali da mai shi, da dillalinsa, da farashinsa. In ɗaya ya salwanta sai an bi kadinsa. To, hanyar da kifin nan ya biyo, ita ce ma'aikatan lafiya suke bi zuwa Monguno da ƙauyukan da ke bayanta, ɗauke da magani da allurar rigakafi. Abin takaici, kwalin kifi ya fi su gata.

A watan Yuni na shekarar da aka yi ta murna, wato 2020, a kan wannan hanya aka sace ma'aikatan agaji biyar, aka kashe su a watan Yuli. Kafin nan, ran 1 ga Maris, 2018, an kai hari Rann, can gabashin Jihar Borno, aka tafi da ungozomomi biyu, shekarar ba ta ƙare ba sai da aka hallaka su. Ran 25 ga Agusta, 2020, aka shelanta cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Manya suka sha tafi a manyan ɗakunan taro. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Waɗanda suka tsira da rai kuma gajiya tana cinsu a tsaye. Malamar asibiti takan yi watanni ba ta ga 'ya'yanta ba, ta wuni kan marasa lafiya, ta kwana tana sauraren ƙarar bindiga. Hannun da ke rawa don rashin barci, yaya zai sami jijiyar jariri?

Saboda haka wajibi ne Gwamnatin Jiha da ta Tarayya da ƙungiyoyin agaji su biya kuɗin tafiya kafin a tashi, su yi wa kowa inshorar rai, su tsara karɓa-karɓa da hutu na dole. Wanda ya ƙi bin hanyar da ba ta da tsaro kada a ba shi takardar tuhuma. In an ƙi, ranar da masu jinya suka ajiye aiki, talakan ƙauye ne zai biya da ransa.