Tatu A Ƙugun Ɗa Namiji: Kafin Ki Ɗaga Murya, Uwargida



Damina ta kankama, samarinmu da suka tafi ci-rani Legas da Abuja da Fatakwal sun dawo taya iyaye noma. Daga Funtuwa zuwa Bakori, daga Malumfashi zuwa Kafur, gonakin masara da auduga sun cika da matasa. A gona kuwa riga ba ta zama a jiki. Da an sunkuya da fartanya, abin da aka ɓoye tun daga birni sai ya fito fili. A haka iyaye da dama ke fara jin cewa ɗansu ya yi tatu, wato zanen da ake cusa wa fata da allura. Idan kuma zanen a ƙugu yake, a ƙasan gadon baya, kafin la'asar magana ta gama unguwa.

Kin san irin maganar. Wasu za su ce ya shiga ƙungiyar asiri, wasu su ce shaye-shaye ya fara. Wadda ta fi ciwo ita ce a ce ya zama ɗan daudu, domin a wurinmu ƙugu wurin adon mace ne, can jigida take zama. Wannan kallon ba mu kaɗai ke yin sa ba. A Amurka da Ingila zanen ƙasan baya ya yi tashe a tsakanin 'yan mata daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000, har aka laƙaba masa sunan wulaƙanci, aka riƙa yi wa namijin da ya yi shi dariya. Duk da haka David Beckham, tsohon kyaftin ɗin ƙwallon ƙafar Ingila, a daidai wannan wurin ya rubuta sunan ɗansa na fari, Brooklyn, a 1999. Yaranmu da ke cika gidajen kallon ƙwallo irin waɗannan 'yan wasa suke gani. Sau da yawa abin bai wuce kwaikwayo da zugar abokai ba, kuma yaro kan zaɓi ƙugu ne saboda nan ne riga ke rufewa, ke ba za ki gani ba.

Mu ma ba baƙin tsaga ba ne. Kakanninmu sun yi zube da bille da kalangu, mata sun yi shasshawa da jarfa don ado. Ki dubi bayan duk wani dattijon manomi a ƙauyukanmu, da wuya ki rasa tabon ƙaho a ƙugunsa, kuma ba wanda ya taɓa zarginsa. Ke nan abin da ke tayar da hankalin mutane shi ne fassarar da suke yi wa zanen. Fassarar nan tana iya zama kuskure, amma illarta a kan yaro ta gaske ce: ana fasa ba shi aure, abokai su janye, sunan ya bi shi har girma. Idan ke da kika haife shi kika fara kiransa da wannan sunan, kin ba wa 'yan waje lasisi.

Ban ce tatu abu ne mai kyau ba. Hadisin da ya tsine wa mai yin jarfa da wadda ake yi wa yana cikin Bukhari da Muslim, kuma a kansa ne jumhurin malamai suka haramta zanen dindindin ga mace da namiji. Sai dai malamai da dama sun yi bayanin cewa idan cire shi zai jawo wa mutum lahani, tuba ta wadatar. Ku je wurin malamin da kuka yarda da iliminsa, ku ji da kunnenku. Na kawo wannan ne saboda abin da nake gani a wurin aiki.

An sha kawo mana samari da ƙuna a baya ko a dantse, idan ka bincika sai ka tarar zane aka yi ƙoƙarin gogewa a gida: wani da dutsen guga, wani da ruwan batir, wani da reza da gishiri. Wani shi ya yi wa kansa don tsoron mahaifinsa, wani kuma danne shi aka yi. 'Yar'uwa, tawadar tatu ba a saman fata take ba. Fatar sama tana saɓulewa ta sabunta kusan duk wata guda, shi ya sa lalle ke gogewa da kansa. Allurar tatu kuwa tana kai tawada zuwa fata ta biyu, zurfin milimita 1 zuwa 2. Kafin ƙuna ta kai can ta riga ta lalata fatar. Sakamakon shi ne gyambo a wurin da wando ke gogawa kullum, a jikin mai aikin gona cikin zufa da ƙasa. Bayan haka baƙar fata ta fi saurin yin tabon nan mai tudu da ƙaiƙayi wanda likitoci ke kira kiloyid, wanda ko an yanke shi yakan dawo. Sai a rabu da zane a samu abin da ya fi shi muni.

Abin da ya kamata ya fara hana ki barci shi ne allurar da aka yi amfani da ita. Masu zanen bakin titi ba duka ke canja allura da kofin tawada tsakanin mutum da mutum ba. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, a busasshen jinin da ido ba ya gani. Binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, kuma ta fi yawa a maza. Mutum kan yi shekaru da ita ba alama, tana cin hanta a hankali, ya kuma sa wa matarsa, ita kuma ta sa wa jariri wajen haihuwa. Nau'in C da ƙanjamau ma ta wannan hanyar suna iya shiga.

Don haka ga abin da nake ba ki shawara. Ki bari zuciya ta sauka, ki kira shi ɗaki ku biyu, ba a gaban ƙanne ko kishiya ba. Ki tambaye shi yaushe aka yi, a ina, kuma a gabansa aka buɗe sabuwar allura? Idan zanen sabo ne kuma wurin ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya biyo baya, a tafi asibiti a ranar, kada a shafa toka ko man juye. Ko da ya warke sumul, ya je babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi ya nemi gwajin ciwon hanta nau'in B da C da na ƙanjamau. Idan bai daɗe da yin zanen ba, a maimaita gwajin bayan wata 3 zuwa 6, domin cutar ba ta nunawa nan take. Idan ba ya ɗauke da nau'in B, ya yi rigakafi: allura uku ce, ta farko, sai bayan wata 1, sai a wata na 6. Sai a 2004 aka shigar da wannan rigakafin cikin alluran yara na yau da kullum a Najeriya, don haka wanda aka haifa kafin nan akwai yiwuwar bai samu ba.

Sannan ki gaya masa gaskiyar abin da zai iya rasawa. Rundunar sojan ƙasa tana rubutawa a sharuɗɗan ɗaukar kurata cewa kada mai nema ya kasance da tatu, kuma a wurin tantancewa tuɓe riga ake yi. Yaran yankinmu da yawa burinsu Daffo ta Zariya. Idan yana son a cire, hanyar da ta fi aminci ita ce ganin likitan fata, irin na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kan hanyarmu ta zuwa Zariya, ya duba ya faɗi abin da zai yiwu. Cirewa da hasken leza na buƙatar zuwa sau da yawa da tazarar makonni, yana da tsada, kuma a baƙar fata yakan bar wurin ya yi fari ko ya ƙara duhu.

Akwai kuma namu gefen. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, a sashe na 24, ta hana yi wa yaro tatu ko tsaga. Askar wanzamin da ta bi kawuna goma ranar kasuwa, da rezar da ake tsaga cikin jariri da ita wai don maganin saifa, haɗarinsu ɗaya da allurar mai zanen Legas. Ki saya wa maigida da yara rezarsu, idan za a yi ƙaho ko aski a yi da ita. Ki tabbatar jaririnki ya samu rigakafin ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa. Ƙannen da ke tasowa kuma ki yi musu maganar tun kafin su fara fita ci-rani, ki haɗa da dalilai, ba tsoratarwa kaɗai ba.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da aka kora saboda zane zai koma wurin waɗanda suka zuga shi ne, ba tare da gwaji ba, ba tare da nasiha ba. Wanda aka zaunar aka saurara, shi ne zai yarda ya bi ki asibiti, ya bi mahaifinsa wurin malam.

Ina jiran ra'ayoyinku a ƙasa, amma don Allah kada a ambaci sunan ɗan kowa. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa.